Gemun Mai Aski

"Ka ce musu ba na nan," in ji Mai Aski.

Tela, maƙwabcinsa, ya dubi tsohon da ko juyawa ba ya yi sai an juya shi. "Ba ka nan? Ina ka tafi, kasuwa?"

'Ya'yan tsohon biyu suna bakin ƙofa, suna jin komai. Tun ranar da Babban ya shigo da injin aski shagon uban, uban ya yi wurgi da injin kan titi, ba su sake zama inuwa ɗaya ba. Babban ya buɗe nasa shagon, Auta ya bi shi. Yanzu likita ya gama magana, kowa ya san saura ƙiris.

Tela ya san ba fushi kaɗai ke cin tsohon ba. Hannunsa ya daina riƙe aska, gemu ya fito masa buzu-buzu, shi kuwa bai taɓa miƙa wa wani haɓarsa ba. Kunya yake ji a gan shi haka.

"Ku shigo," Tela ya ce. "Ɗakin ubanku ne."

Auta ya fara buɗe jaka. Tsohon ya hango wayar injin.

"A fuskata? Sai dai bayan raina!"

Babban ya rufe jakar. Ya ɗauko askar uban daga kan taga, ya wasa ta a fata, ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Auta ya kaɗa kumfa, ya tallafo kan uban.

"Kwantar da askar! Aski kake ko yanka?"

"To, Baba."

Babban ya ja kumatun uban da babban yatsa, yana bin kwanciyar gashi. Fatar ta saki kamar tsohuwar riga, amma ko ƙwarzane bai yi ba. Da ya iso maƙogwaro sai ya tsaya. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga haɓa da kansa. Tausayi ya kama Tela, ya juya yana kallon bango.

Da aka gama, Mai Aski ya shafa fuska yana neman laifi. Ya nema, ya nema.

"Tela, buɗe ƙofar nan. Duk mai son gaishe ni ya shigo." Ya numfasa. "In sun tambaya, ka ce ɗana ne ya yi."

Washegari da hantsi Mai Aski ya cika, kansa a cinyar Auta, hannunsa a hannun Babban, fuskarsa fes.