Kafaɗar da Kyaftin Penhale Ya Dafa

Daga tashar jiragen ruwa ta Nassau har gaɓar Carolina, babu ɗan kasuwar da zai hango baƙar tutar Jethro Penhale cikinsa bai ɗuri ruwa ba. Amma tsoro abu ne mai arha a teku, kowane ɗan fashi mai ƙazamin gemu yana iya bayar da shi. Abin da ya fitar da Penhale daban shi ne dokar da ya kafa ranar da ya ƙwace jirginsa na farko: kyaftin na mutanensa ne, ranar da suka gaji da shi su ɗaga hannu su sauke shi. Jiragen 'yan fashi da yawa sun kwaikwayi dokar, suna ta canza kyaftin kamar riga. Shi kuwa shekara da shekaru babu wanda ya ɗaga masa ko yatsa.

Sai idanunsa suka fara mutuwa.

Kwamina ne ya fara ganewa. Penhale ne ya fito da shi daga cikin jirgin bayi, ya ce ya zaɓa, tudu ko teku. Ya zaɓi teku, yanzu kuma ya zama idon maigidansa. Duk inda kyaftin zai taka, tafinsa na kan kafaɗar Kwamina ta dama, Kwamina na raɗa masa abin da ke gaba. Haka suka ɓoye abin har ranar da Penhale ya ce a juya, kafin Kwamina ya buɗe baki jirgi ya hau dutsen da kowa ya hango ban da kyaftin. Ruwa ya tafi da mutum biyu.

Da safe, a kan yashin tsibirin Ocracoke inda suka ja jirgin don gyara, Lemuel Tarr mai harba igwa ya miƙe a gaban jama'a.

"Tsoho, ba raini ba ne. Na fi son ka da ubana, shi ɗin ma dai ɓarawon tumaki ne. Amma shekaranjiya ka tsaya kana zagin gangar giya, kana ce mata Lemuel."

"To mene ne bambancinku? Ku duka giyar rake ce a cikinku," in ji Penhale.

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Lemuel ya share fuska ya ce wanda yake son a sauke kyaftin ya ɗaga hannu.

Hannuwa suka tashi a hankali, masu su na kallon ƙasa. Aka duba, jama'a ta rabu biyu daidai. Idanu suka dawo kan Kwamina, shi kaɗai bai nuna inda yake ba.

Kwamina ya ji kamar ya nutse cikin yashi. Yana ƙaunar tsohon nan fiye da ransa. Amma shi ya ga fuskar mutanen nan biyu lokacin da ruwa ya rufe su, kuma ya san in aka ci gaba haka ba su ne na ƙarshe ba. Wata dabara ta zo masa: ya ɗaga hannun hagu. Tsoho ba ya gani, ba zai taɓa sanin wanda ya kayar da shi ba. Sai kunya ta kama shi. Mutumin da ya fuskanci igwar Sifaniyawa a tsaye, yau shi za a yi wa wayon makafi?

Ya ɗaga na dama.

Kafaɗa ta tashi a ƙarƙashin tafin Penhale. Yatsun tsoho suka matse kafaɗar har Kwamina ya ji zafi.

"Da hagu ka ɗaga, da ban yafe maka ba," Penhale ya faɗa a hankali.

Ya cire hularsa ta kyaftin ya miƙa ta wajen da babu kowa. Lemuel ya zagayo da sauri ya karɓa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

Kwamina ya tsaya yana jiran a saki kafaɗarsa, don ya tabbata shi ke nan, an rabu. Tafin bai motsa ba.

"Ka tsaya me kuma? Kai ni wajen masu tufkar igiya," in ji tsoho. "Yatsuna dai ba su makance ba."