Linzami a Kan Teburin Kaka

Hannun Kaka Radmila yana rawa. Duk Lahadi idan Kawu Dragoljub ya yi kiran bidiyo daga Jamus, kafin yatsanta ya kai kibiyar kwamfuta kan wurin amsawa, kiran ya katse. Ni kuwa ranar ina aiki a gidan burodi. Wata biyu ke nan ba ta ga fuskar ɗanta ba.

Na sayo mata linzamin kwamfuta marar waya a birnin Niš. Na duba kwalin ban ga abin da ake sokawa a jikin kwamfutar ba, kuma kunya ta hana ni komawa shagon. A zanen takardarsa na gane cewa da bulutut ɗin cikin kwamfutar yake haɗuwa. Ya haɗu kuwa, amma kibiyar sai tsalle take yi.

"Ke Snežana," in ji Kaka, "abin nan naki giya ya sha ne?"

Sai na lura da farin mayafin teburin, wanda ta saƙa da hannunta tun tana budurwa. Hasken linzamin faɗawa yake cikin hujojinsa.

"Kaka, mayafin ne. Katako yake so."

Ta daɗe tana shafa saƙar. "Tebur tsirara, sai ka ce gidan da ba mace?"

Da kanta ta naɗe gefe ɗaya, daidai faɗin tafin hannu biyu.

Ran Lahadi na dawo, tun daga ƙofa na ji ta tana faɗa: "Dragoljub, ka rame! Ba sa dafa miya a can ne?"