Ƙuri'ar Rahmatu

Malam Muhyiddeen yana cikin ƙirga takardun ƙuri'ar da suka rage sai inuwar Alhaji Sada ta rufe masa teburin. Bai ɗago ba, don ya san ƙamshin turaren. Mutum ɗari biyar aka rubuta a rajistar wannan rumfa ta Ƙofar Marusa, amma ɗari da arba'in da uku kaɗai suka fito. Sauran sun yi zamansu a gida. Kuma wa zai ga laifinsu? Shekara shida da suka wuce an sa su sun sha rana a layi, daga baya soja suka ce an soke zaɓen.

"Sannu da aiki, Malam. Ya rana?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Ya jama'a?"

"Jama'a sai godiya. Ɗan matso in faɗa maka magana."

Suka koma gindin bishiyar bedi, nesa kaɗan da ɗan sandan da ke gyangyaɗi a kan benci. Alhaji Sada shi ne jigon jam'iyya a unguwar, kuma gidansa da na Malam Muhyiddeen katanga ɗaya ta raba su. Shekara ashirin da shida ke nan suna ciyayya a ƙofar gidan Alhajin: da an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma, magidanta shida kowa a fito da kwanon tuwo daga gidansa, a haɗa hannu a ci. Tun da Rahmatu, matar Malam, ta rasu wata biyu da suka wuce, ba a sake hura wuta a gidansa ba. 'Yarsa guda tana aure a Funtuwa. Hannu rabbana yake zuwa tabarmar nan, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya nuna ya lura. Alhaji Sada ma har tsokar nama yake turo masa gabansa kamar bai sani ba. In ka cire wannan sa'a guda, Malam ba ya da wanda yake magana da shi a duniya sai 'yan aji huɗu da yake koyarwa.

"Diba nan," in ji Alhaji Sada. "Mun zamna da Sule da Bala, mun daidaita. Abin da ya rage za a raba, kowace jam'iyya ta dangwale nata. Ba faɗa, ba rigima. Kai dai ka bi rajista ka yi wa kowa alamar ya zo, ka sa hannu."

Malam ya waiga. Sule da Bala, wakilan jam'iyyun nan biyu da suka yini suna hararar juna, ga su can sun haɗa kai suna fasa goro ɗaya.

"Alhaji, mutanen nan ba su zo ba."

"To mi ya hana mu zo masu? Kana so a kai Abuja a ce Katsinawa ba su son farar hula? Abin da masu kaki ke jira ke nan, su ce jama'a ba su shirya ba, su gyara zama. Wallahi don ƙasa nake yi, ba don cikina ba."

Abin haushin shi ne ba ƙarya zalla yake yi ba. Malam ma tsoron nan yana ransa. Ya buɗe baki zai amsa ke nan, sai ga wata farar mota mai tambari a ƙofa ta tsaya a bakin titi.

Wata Baturiya ce ta fito, doguwa, fuskarta ta yi jajir don rana, ta ɗora gyale a ka a karkace, da alama wani ya ce mata haka ake yi a nan. Tana cikin 'yan kallon zaɓe da aka turo daga ƙasashen waje. Tafintanta na biye da ita riƙe da gorar ruwa. Kafin ta ƙaraso Alhaji Sada ya riga ya tare ta da fara'a, har da 'yar rusunawa, ya sa aka tashi ɗan sandan aka ba ta bencin.

Ba ta zauna ba. Ta leƙa akwatin, ta taɓa kwalbar tawada, ta duba agogonta. Ta ce da tafinta rumfa goma sha ɗaya suka rage mata kafin la'asar. Sannan ta juyo ga Malam.

"Ta ce kai ne shugaban rumfa?" in ji tafinta. "Ta ce akwai wata matsala? Akwai wanda ya matsa maka?"

Malam ya ji Turancin sarai, shi da yake koyar da shi. Kalma uku ta ishe shi ya fallasa komai. Ya dubi Alhaji Sada, wanda ya tsaya da murmushi a baki, amma carbin hannunsa ya daina motsi. Mutumin nan shi ya ɗauki gaban makarar Rahmatu, shi ya zauna kusa da shi kwana uku ana karɓar gaisuwa. A tona masa asiri gaban baƙuwa, wadda gobe za ta hau jirgi ta kai sunan unguwarsu inda ba su taɓa zuwa ba? Haba. Ba a yi wa maƙwabci haka.

"Ba matsala," ya ce da Hausa. "Komai lafiya."

Baturiyar ta yi alama a takardarta, ta yi murmushi, ta ce "Na gode" da irin Hausar da aka koya a mota. Duka-duka ba ta yi minti bakwai ba. Motar ta tashi ta nufi Ƙofar Durɓi.

Alhaji Sada ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa. "Na san ɗan halak ne kai. Bala, kawo tawadar nan."

Nan ne Malam ya gane abin da ya yi. Shi rufin asiri ya yi, su kuma sun ɗauka amincewa ce. Ya zauna, ya jawo rajistar, ya ɗauki biro. Ya gaya wa kansa ai alama ce kawai, kuma sojan nan dai a rabu da su ko ta wace hanya. Ya buɗe shafi na farko, na biyu, yana neman inda zai fara. A shafi na tara idonsa ya sauka a kan lamba ɗari biyu da bakwai. Rahmatu Muhyiddeen, mace, shekara arba'in da shida.

Ya tuna ranar da ta yi rajistar. Lokacin ciwon ya fara cin ta, amma ta ce sai ta je. Ta dawo tana haki, ta ɗaga katin tana yi masa tsiya: "Malam, bana ba ka san wanda zan zaɓa ba, kuma ba zan faɗa maka ba." Ba ta faɗa ɗin ba kuwa. Katin yana nan cikin kwallarta, ƙarƙashin zannuwan da ya kasa rabarwa.

Ya mayar wa biro murfinsa.

"Alhaji, ga Rahmatu nan. Wa za ta zaɓa, kai ko Sule?"

Alhaji Sada ya kau da kai. "Allah Ya jiƙanta. Tsallake ta, Malam, ba sai an yi da ita ba."

"In na tsallake ta, ga Malam Shehu mai gyaran rediyo a shafi na gaba, tare muka yi masa salla. Wanda ke raye ma bai aiko ni ba. Ɗari da arba'in da uku na gani, su zan rubuta."

"Yanzu ka ce wa Baturiya ba matsala."

"Na rufa maka asiri ne, ban ce zan taya ka ba."

Alhaji Sada bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya dube shi, ya ce a hankali, "Na riga na yi wa manya alkawari. Ka kunyata ni, Muhyiddeen." Rabon da ya kira shi da sunansa tsura tun suna samari. Ya gyara babbar rigarsa ya tafi, Sule da Bala suka bi bayansa.

Malam ya ƙirga ƙuri'un a gaban ɗan sanda da wasu tsofaffi biyu da suka rasa abin yi. Ya soke ragowar takardun ɗaya bayan ɗaya har yatsunsa suka ƙage, ya cike takardar sakamako, ya sa hannu. Gurbin sa hannun wakilai ya bar shi fayau. Ya raka akwatin har inda ake tattarawa, ya miƙa, ba wanda ya ce masa sannu. Sai a hanyar dawowa ya tuna shi kansa bai jefa ƙuri'ar ba.

A masallaci aka yi magariba kamar kullum. Da aka sallame ya miƙa wa Alhaji Sada hannu, ya karɓa, suka gaisa har da tambayar gajiya. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali. Ya ce bari ya shiga gida ya sake riga, wadda ke jikinsa duk tawada ce, sannan ya fito tabarma.

A zaure ƙafarsa ta yi karo da wani abu. Ya sunkuya ya shafa. Kwano ne, an rufe shi da faifai, da ɗan ƙaramin na miya a kai, da zafinsa. Ya san kwanon, mai furen nan ne na gidan Alhaji Sada. A shekara ashirin da shida ba a taɓa aiko masa da tuwo gida ba.

Ta bayan katanga yana jin an shimfiɗa tabarma, ana jan buta, wani ya kunna rediyo ana cewa baƙi 'yan kallo sun fara bayyana abin da suka gani. Ya tsaya ya kasa kunne ko wani zai ce ina Malam. Aka yi bisimilla.

Ya zauna a dakalin zauren, ya buɗe miyar. Har da tsokar naman, an sa masa.