Hoton Inna Sailuba

Inna Sailuba ta haura shekara sittin lokacin da ta sauke Alƙur'ani a ajin matan aure na Kusfa. Da aka sa ranar walima, malamai suka ce kowace ɗaliba ta buga takardar gayyata da hotonta. Tayyiba, 'yar autar Inna, sakatariya ce a wani ofishin masu zanen gidaje kusa da Ƙofar Doka, don haka aikin ya faɗo kanta. Ogan nata ma bai ja ba, cewa ya yi ga firinta nan, aikin lada ne.

Kwafin farko ya fito da ɗuminsa. Ga Inna nan sak, baƙa siɗik cikin farin hijabi, tsagar gadonta kwance a kumatu, tana murmushin nan nata mai kunya. Tayyiba ta daɗe tana kallo. Sai ta tuna Hajiya Radiya, yayar mijinta, wadda ta taɓa ce mata a gidan biki, "Allah ya so ki, ba ki ɗauko launin Innarki ba." Mata suka yi dariya a ranar, ita ma ta taya su. Kuma Hajiya Radiya na cikin waɗanda za a kai wa takardar.

Ta koma kan kwamfuta, ta buɗe wurin saita kala. Ta ƙara haske, ta rage baƙi, ta ɗan ƙara ja. Ta buga, bai yi mata ba, ta sake ƙarawa.

Ronald, abokin aikinta ɗan Wusasa, ya zo ɗaukar zanensa, ya ga takardun biyu a kan tebur.

"Madam, kin cika haske fa. Na farkon ya fi fitowa."

"Haka suke so," ta ce, ba ta ɗago ba.

Da yamma ta kai ƙunshin takardun gida. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta goge hannu a zani, ta karɓi ɗaya da bismilla, ta ɗan nisanta ta da idonta. Wata mata ce wankan tarwaɗa, fuska sumul, cikin hijabin Inna. Sai Inna ta kai yatsa kumatunta ta shafa.

"'Yar nan, ina tsagata?"

"Injin ne, Inna. Haka yake fitarwa."

Maganar ta fita tun kafin Tayyiba ta yi shawara da zuciyarta.

"Ayya," in ji Inna. "To ina inji zai san mutum? Kada ki damu, kin yi ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka."

Da faɗa Inna ta yi, da ya fi mata sauƙi. Albarkar nan ta yi mata nauyi, ko tuwon da aka zuba mata ta kasa ci.

Ranar walima Inna ta karanta ƙarshen Baƙara, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Hajiya Radiya ta matso kusa da Tayyiba tana fifita da takardar. "Kai, hoton nan ya yi wa Inna kyau!" Tayyiba ta ce tana zuwa, ta zagaya bayan rumfa ta yi kukanta.

Da ta koma ofis, kafin ta ajiye jaka ta mayar da saitin yadda yake, ta buga kwafi ɗaya a takarda mai kauri. Ta biya kasuwa aka saka mata shi a gilashi.

Inna ta karɓa ta duba, fuskarta ta washe.

"Yauwa, ga ni. An gyara injin ke nan?"

"An gyara, Inna."

Tayyiba ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, amma Inna ta riga ta miƙe tana neman ƙusa.