Yarinyar da Aka Bari a Cikin Dawa

Inna Barira ba ta yi boko ba, amma ba makauniya ba ce. Ranar da littafin ya iso ƙauyensu, ta ɗaga shi a hasken rana, sai ga jikarta Raudatu a ciki: goshin nan, wushiryar nan, har tabon ƙunar da ke hannunta na hagu.

Aikin Tahira ne, wata malamar firamare a Bagwai mai iya zane. Su shida suka haɗu za su yi wa yara littafin labarai cikin hotuna, kowa shafi huɗu. Da damina ta zo neman tatsuniya, rana tsaka. Inna ta ce ba a tatsuniya da rana, ɓata mutum yake yi. Tahira ta yi dariya, ta dinga magiya, har Inna ta ba ta labarin yarinyar da ta bi zabuwa cikin gonar dawa, kara ya rufe bayanta, sai da kakarta ta kira sunanta sau uku sannan ta fito. Raudatu na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ashe ita ake zanawa.

A littafin, labarin ya tsaya ne daidai inda yarinyar ta ba da baya, dawa ta haɗiye rabin jikinta. Babu kira, babu fitowa.

Tun daga ranar Raudatu ta daina magana. Kullum in rana ta take, sai a same ta a gonar bayan gida, tsaye, fuskarta wajen dawa. Ran farko a bakin gona. Kashegari kunyoyi biyu ciki. An yi tofi, an ba ta rubutu ta sha. Ran Laraba sai da aka ratsa kunyoyi goma sha ɗaya kafin a gan ta.

Ran Alhamis Inna ta ɗaure littafin a zani, ta hau acaɓa zuwa Bagwai. Ta tarar da Tahira a gindin darbejiyar makaranta.

"A'a, Inna! Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunki. Ina kika kai ƙarshen labarina?"

"Wuri ne bai isa ba, Inna. Kuma abokan aikina suka ce ya fi armashi a bar yara su ƙarasa da kansu."

"Armashi! Ke in uwarki ta ɗora tuwo, ɗanye take sauke shi saboda armashi? Wanda ya buɗe tatsuniya shi ke rufe ta. Ke kika shigar min da yarinya, ke za ki fito min da ita."

"Inna, takarda ce fa kawai." Tahira ta buɗe shafin don ta nuna mata. Ita da hannunta ta zana rabin jiki a waje. Yanzu ba abin da ya saura sai diddige ɗaya da gefen zani.

Ba ta sake musu ba. Ta juya bangon baya inda babu komai, ta ɗauki biro. Ta zana tsohuwa a bakin gona.

"Buɗe min baki sosai," in ji Inna. "Ba raɗa nake ba. Sa sunan sau uku."

Ta rubuta. Ta zana yarinya tana fitowa daga tsakanin kara.

Bayan la'asar Inna ta dawo gida, ta iske Raudatu zaune kan turmi tana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya, ganyen dawa a kitsonta.

"Kaka, kin daɗe."

Inna ta zube tana hamdala.

"Sauran fa?" in ji yarinyar.

"Waɗanne saura?"

"Mu da yawa ne a ciki. Duk ni ce. Ɗaya kaɗai kika kira."

Inna ta leƙa ta katanga, ta ce maƙwabcinta Malam Khalilu ya kira mata malamar nan a waya.

"Ke Tahira, littafi nawa kuka buga?"

"Dubu biyu, Inna. An riga an rarraba makarantu, har Shanono da Kunci."

Inna ta waiwaya. Raudatu ta ajiye ƙwaryar, a hankali tana juya fuskarta wajen gona.

"To, cika jakarki da biro," in ji Inna. "Gobe da safe ina ƙofarki. Makaranta makaranta za mu bi."