Randar Shalva

Tsiala ta fasa yumɓun da aka liƙe bakin randar da shi, ta ɗaga murfin dutse, ta sunkuya ta shaƙa sau ɗaya. Wari ne irin na ɗakin da ɓeraye suka daɗe a ciki. Ta mayar da murfin. Auren ɗansu Levan saura 'yan kwanaki, kuma wannan giyar inabin ce mijinta Shalva ya cika ƙauye da labarinta.

Ta san inda aka yi ɓarnar. Randar binne take a ƙasa har wuya, kuma kafin a zuba sabon inabi dole mutum ya sauka cikinta, ya goge ta da ɓawon itacen ceri har ruwan wankin ya fito fes. Duk yankinsu na Kakheti haka ake yi. Bara Shalva ya zura ƙafafu, tumbi ya tokare. Da ya kira wani, da an ji ai. Sai ya ɗaura tsumma a sanda ya yi ta shafa daga sama, ya ce ta wanku. Tsohon datti ya zauna cikin ƙofofin yumɓu ya ci giyar a hankali.

Shi kuwa yana bakin hanya yana zagin Gocha, yayan Tsiala, wanda ya koma haɗa giya a tankin ƙarfe. Giyar ƙarfe ba ta numfashi, in ji shi, ƙamshinta na ruwan alewa ne, sai mata da baƙi masu ɗaukar hoto.

Ta tafi gidan Gocha neman giya. Ya saurare ta yana dariya har da riƙe ciki.

"To ƙanwata, ina ƙamshin ƙasar kakanni?"

"Yaya, in za ka ba ni, ba ni. In wa'azi ne, ina da mai yi a gida."

Ya ce zai bayar, sharaɗinsa ɗaya, a zaunar da shi kusa da surukinsa. Ita da ƙanwarta suka cika tuluna a bayan gida, ba ta gaya wa Shalva komai ba. Bai tambaya ba. Tun da aka rufe ta bai ƙara kusantar randar ba, Tsiala kuma ta lura.

Ranar biki aka cika masa ƙahon shan giya. Dangin amarya daga garin Telavi suka zuba masa ido, don sun ji labarin giyar. Shalva ya kai ƙahon hanci ya tsaya. Duk abin da za a ce da shi, hancinsa ba ya kuskure. Ƙamshin ɗanyar tuffa ne ya taso, tsaf, babu na goro ko busasshen 'ya'yan itace da randa ke bayarwa bayan watanni da ɓawon inabi. Launin ma fari ne, ba ruwan zuma ba. Ya dubi matarsa. Ta ci gaba da yanka gurasa.

Ya miƙe, ya gyara murya. Ya ce wa jama'a ƙasa ce ta raini wannan giya, ƙarfe bai taɓa ta ba, wanda bai ji yumɓu a cikinta ba ya je a duba masa hanci. Ya shanye ƙahon. Uban amarya ya lumshe ido, ya ce lallai ya ji yumɓun, mutanen tebur suka bi shi da gyaɗa kai.

Gocha ya miƙa nasa ƙoƙon.

"Suruki, ƙara mini. Ka koya mini yadda kake yi mana."

Shalva ya zuba masa.

Tsiala ta kwashi farantai ta shiga ciki. Ta ce wa ƙanwarta gobe a nemo mai wanke randa daga wani ƙauye, siriri.