Mai Leƙe daga Kan Dutse

Da Nababa ya sake sa kafaɗa, sakatar ta ɓalle, ƙofar ta tafi ta bugi bango. Shi ya fara shiga, liman Malam Zulkifilu na biye da shi. Lucia mai abinci ta tsaya a bakin ƙofa rungume da kular kunun da ta kawo tun safe, wadda ba a buɗe an karɓa ba.

Malam Badaruddeen na zaune a kujerarsa, kai ya karkata gefe, abin sauraren nan mai toshe kunne ya zamo masa wuya. Hannunsa na dama na kan sandar tuƙin da ya ɗaure a jikin teburi. A gabansa allon kwamfuta na kunne, wani jirgin yaƙi na ta kewaya sararin sama shi kaɗai, ƙugin injinsa na fita ƙasa-ƙasa.

Liman ya taɓa wuyansa, ya jima, sannan ya shafa masa ido. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika. Nababa, kama min mu kwantar da shi."

"Dakata, Malam," in ji Nababa. "Kada a taɓa komai tukuna."

Nababa Bakatsine ne, yana da shagon kayan masarufi a bakin layin, kuma shi ne shugaban kwamitin tsaro na unguwar. Ba wanda ya yi takara da shi a kan muƙamin, amma ya riƙe shi da hannu biyu. Tun da aka shigo bayan unguwar tasu ta Kurudu aka kwashe mutane daga gidajensu a daminar bara, idonsa bai sake yarda da kowa ba. Mai gyaran takalmi in ya cika kallon katanga sai ya sha tambaya. Tsoron nasa kuwa na gaskiya ne, don yana da mata da 'ya'ya a gidan da katanga ɗaya ce ta raba shi da wannan ɗakin, kuma kowa ya san ɓarayin mutane ba sa shiga unguwa sai da ɗan gari da ya nuna musu hanya.

Shi kuwa Badaruddeen kamar da gangan yake tara wa kansa zargi. Tsohon mai zanen taswira ne a wata ma'aikata, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Zakiyya na aure a Zariya. Dattijon da ya kamata a gan shi kan tabarma da carbi, sai ga shi da hantsi da la'asar yana hawa dutsen bayan unguwa da madubin hangen nesa, yana leƙen rufin gidaje da motocin da ke bin hanyar Karu. In ya sauko ya kulle ɗaki, a riƙa jin harbi da fashewar bam ta bango, da muryarsa yana Turanci da mutanen da ba wanda ya taɓa gani. An tambaye shi, ya ce wasa ne. Wasa, a wannan shekarun.

Abin da ya tsaya wa Nababa a wuya shi ne wata rana da Badaruddeen ya zo sayen sukari, ya dubi farar a-kori-kurar da ke fake a gindin mangwaro, ya yi murmushi. "Alhaji, ka san motar nan taka da safe ana hango ta tas daga kan dutse? Amma rana na karkatawa inuwa ta haɗiye ta, sai mai ido sosai."

Nababa ya ba shi canjinsa, amma ranar abinci bai shiga cikinsa ba.

Daga nan magana ta zagaya. Satin da ya wuce 'yan banga suka tare dattijon a kan dutse, suka karɓe madubin, suka rako shi har layi mutane na kallo. Madubin na nan a ƙarƙashin kantar Nababa, bayan katan ɗin sabulu. A masallaci kuwa ba wanda ya ce masa komai, sai dai in an tayar da salla, na dama ya ɗan matsa, na hagu ya ɗan matsa, a bar shi ƙafarsa ba ta taɓa ta kowa ba. Bai daɗe ba ya daina zuwa.

Yanzu mutane sun fara taruwa a tsakar gida, ba wanda ya ƙaraso ciki. Nababa ya ciro wayarsa.

"Wa za ka kira?" liman ya tambaye shi.

"'Yan sanda. Su zo su ɗauki na'urar nan, su ga da su wa yake magana."

"In suka zo, ba na'ura kaɗai za su ɗauka ba," in ji liman. "Har shi za su ɗauka. Ka san mutuware, ka san yadda ake fito da gawa daga can. Musulmi ne, haƙƙinsa a kanmu mu wanke shi mu kai shi yau. Na kira 'yarsa, tana hanya."

"In kuma shi ne ya nuna gidajen bara fa? Mu binne shi da sirrin, gobe abokansa su zo su ɗebi 'ya'yanmu?"

Lucia ta ajiye kular a ƙasa. "Oga Nababa, wannan baba hawan jini ne yana da shi. Ga magani can a tebur. Tun da sun kama shi a dutse ba ya cin abinci, kullum ina maida rabi."

"Ke abinci kika sani," in ji Nababa. "Mu mun san abin da muka sani."

Bai rufe baki ba sai ga wani baƙo ya ratso taron, mutum mai ƙiba da furfura a gemu, da katin ma'aikata rataye a wuya. Ya leƙa ɗakin, ya ga abin da ya gani, ya dafe ƙofa. Sannan ya ce sunansa Zacharias, daga Apo yake, abokin wasan kwamfutar mamacin ne. Sun shirya tashi tare a wasan da safen nan, ya ga jirgin mamacin a sama yana ta kewaye, ya yi magana ba amsa, ya kira waya ba a ɗauka ba, hankalinsa ya ƙi kwanciya.

"Ka taɓa zuwa gidan nan?" Nababa ya tambaye shi.

"Ban taɓa ba. Ko fuskar shi ban taɓa gani ba sai yau."

"To wa ya kwatanta maka?"

"Ba kowa. Kurudu kawai na sani. Da na ga dutsen, na ga tankin ruwa mai tsatsa, na san layin." Ya dubi Nababa da kyau. "Kai ne mai shago, ko? Mai farin mota a gindin mangwaro, wanda ba ya fakin daidai."

Nababa ya ƙura masa ido. Ga mutumin da bai taɓa taka unguwar ba, ya san shagonsa, ya san motarsa, har ya san yadda yake ajiye ta. Ya yi wa matasa biyu ido, suka matsa suka tsaya a bakin zaure.

"Zauna," ya ce. "Nuna mana yadda aka yi ka san mu."

Zacharias ya lura da matasan, ya lura da wayar da ke hannun Nababa. Bai zauna ba, don kujerar da mai ita a kai. A tsaye ya sunkuya, ya ɗaga hannun mamacin a hankali daga kan sandar ya ɗora masa a cinya, ya kama sandar ya karkatar da jirgin ƙasa.

Ƙasar da ta taso a allon ba tasu ba ce, duwatsun wata nahiya ne. Amma a gindin wani dutse ga layi, ga tanki, ga ɗan masallaci, ga rumfar Lucia, ga shago da mota fara a karkace a ƙarƙashin bishiya. Ga kuma gida mai ƙofa kore, inda a wannan lokacin Rahmatu matar Nababa ke shanya kayan yara.

"Kun gani?" in ji Nababa. "Taswirar gidajenmu ce. Ya zana mu ya raba wa duniya."

"Ka bari in gama, oga." Zacharias bai ɗago ba. "Mu 'yan wasa ne kawai, wani a Legas, wani a Jos, wasu a waje. Baba shi ne mai tsara mana mission. Shi zai ce ga inda za ku tashi, ga abokan gaba, ga abin da za ku nema ku harba. Aiki ne mai wuya. In ka ɓoye target da yawa, mutum ya gama man jirgi bai ga komai ba, ya yi fushi. In ka ajiye shi a fili, ba daɗi. Shi ya sa yana hawa dutse, ya ga yadda mota ke zama a ido daga nesa, da safe daban, da yamma daban. Idon shi ya mutu, sai da madubi."

Ya juya jirgin ya nuna wasu ɗigo baƙaƙe da ke tafowa a kan hanya can nesa. Nababa ya ƙura ido, da ƙyar ya gane motoci ne da babura.

"Waɗannan su ne target. Suna zuwa ƙauyen. Aikinmu mu gan su, mu tsayar da su kafin su iso."

"Ƙauyen kuma fa?" liman ya tambaya.

"Bari ka gani."

Ya sauke hancin jirgin, ya saki harsashi kaɗan. Ƙura ta tashi a gefen katangar shagon, ko shagon ma bai samu ba. Nan take allon ya yi duhu, jan rubutu ya fito, ƙugin injin ya ɗauke.

"An faɗi," in ji Zacharias. "Ba ni kaɗai ba, duk wanda muka tashi tare. Haka ya ɗaura dokar. Ko ka kashe abokan gaba duka, in abu ya taɓa gida ɗaya a layin nan, an gama. Mun yi faɗa da shi a kan wannan ba sau ɗaya ba. Kuma gidajen suna da nauyi, kwamfutar shi tsoho ne, in ka zo kan ƙauyen hoto yana tsinkewa, jirgi yana tafiya kamar mai ɗingishi. Muka ce Baba, rage gidaje mana. Sai ya kashe gajimare, ya kashe ciyawa, ya rage kyan jirgin kansa. Ka ga saman nan fayau ba komai? Duk don gida ɗaya kada ya fita. Ya ce mutanen shi ne."

Zuciyar Nababa ba ta saba sakin zargi da sauƙi ba, har yanzu tana lalube: ai maƙaryaci ma ya iya tsara labari, ai ana iya haɗa baki. Amma ya ga harsashin da idonsa, ya ga inda ya faɗi, ya ga allon ya mutu saboda katangarsa.

"Yaushe ya yi wannan?" ya tambaya. Yana fatan a ce masa tun da daɗewa ne, tun kafin 'yan banga.

"Kullum yana gyara. Wannan da kake gani shekaranjiya ya turo." Zacharias ya danna wani abu, wasan ya sake tashi, jirgin ya koma sama yana kewaye da kansa. "Abu ɗaya ya canza. Da akwai wani ɗan mutum a tsaye a kan dutsen nan, muna yi mishi tsiya muna cewa shi ne. A wannan ya cire shi. Na tambaya, ya ce mutumin ya sauka."

Lucia ta juya baya, ta sa gefen zaninta a fuska. Ba wanda ya dubi Nababa, kuma da an dube shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin zuwa, don wanda za a ba haƙuri na nan zaune ba ya ji.

Ya mayar da wayar aljihu. Ya cire agogonsa, ya naɗe hannun riga.

"Malam, ta ina zan kama?"

"Ta kafaɗa," in ji liman. "Tallafe kan."

Mamacin ya fi yadda Nababa ya zata rashin nauyi. Suka kwantar da shi a tabarma. Nababa ya leƙa waje ya ce a gaya wa Rahmatu ta ɗora ruwa, a ɗauko likkafani, matasan da ke bakin zaure kuma su bar tsaron ƙofa su tafi haƙa. Zakiyya ta iso ana gama wanka. Bayan la'asar aka yi masa salla a ƙofar masallaci, sahu ya cika har bakin kwata, kafaɗa na gugar kafaɗa. A bayan farar a-kori-kura aka ɗora makarar.

Da suka dawo daga maƙabarta rana ta yi sanyi. Nababa ya biya shago, ya janye katan ɗin sabulu, ya ɗauko madubin ya goge shi da bakin rigarsa. Ɗakin na buɗe, sakatar na lilo, mata na zaune da Zakiyya a tsakar gida. Ya shiga ya ajiye madubin a kan teburi, kusa da kwalbar magani.

Zacharias ya riga ya tafi, ba sauran wanda ya san yadda ake kashe na'urar, don haka an bar ta. Jirgin na nan yana kewaye a saman da ba gajimare. Duk sanda ya karkato, sai layin ya bayyana a ƙarƙashin fiffikensa, hoton ya ɗan tsinke ya ci gaba: tanki, masallaci, ƙofa kore, mota a karkace a gindin bishiya, da dutsen a bayansu ba kowa a kai.